Waldata Ba Ta Saki Ba

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Ranar ce na tsaya a gaban jama'a, a gaban mahaifiyata, na buɗe wannan bakin nawa na faɗi wata magana da har yau idan ta faɗo mini a rai ina cin abinci sai in tsame hannu. Jirgin sama na ƙera. Eh, ni ɗin nan da kake ji. Wautar tawa ce ni kaɗai, amma ba a jikina ta sauka ba, a ƙafar dama ta yayana Haruna ta sauka.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Dawanau, irin wuraren nan da gona take manne da gona, ba ka samun ko taku goma na ƙasar da ba ta da mai ita. Babanmu ya rasu ina sakandare, Yaya Haruna ne ya riƙe gidan. Shi ya yi ta bin bayan shanun huɗa damina bayan damina har na gama kwalejin fasaha a birni, na dawo da takarda a hannu da kai kamar tulu. Aikin ofis bai samu ba, sai na kafa rumfar walda a bakin titi, ina yin ƙofofi da tagogi, ina gyaran baro da amalanke. Mutane suka fara kirana Injiniya. Da zolaya suka fara (ni kaɗai ne a garin ban gane zolaya ba ce).

Jiragen da ke sauka Kano ta samanmu suke wucewa, ni kuma ga waya a hannu, kullum ina kallon mutanen wasu ƙasashe suna haɗa ƙananan jirage a bayan gidajensu. Sai zuciya ta ce mini, su da me suka fi ka? Shekara biyu na yi ina abu ɗaya. Na samo injin wata tsohuwar mota irin wanda iska ke sanyaya shi, na haɗa gangar jiki da bututun ƙarfe, na lulluɓe fukafukai da langa-langa mara nauyi. Farfelar kuwa wani masassaƙin turmi ne ya fitar mini da ita daga icen maɗaci, yana yi yana cewa tunda yake bai taɓa sassaƙa muciya mai kai biyu ba.

To bari in yi maka bayanin ƙafafun, don a nan maganar take. Irin jirgin da na kwaikwaya ƙafa uku gare shi kamar murhu. Biyu suna baya, ƙarƙashin fukafukai, su ne masu ɗaukar yawancin nauyi. Ɗaya tana gaba ƙarƙashin hanci, ita ke juya jirgin idan yana tafiya a ƙasa, ita ce kuma ke hana farfela sarar ƙasa. Da farko ƙafar gaban babur na sa, da sifirin ɗinta da komai. Ranar da na ɗora injin sai hancin ya duƙa, sifirin ya nutse, tsakanin bakin farfela da ƙasa bai fi yatsu uku ba. Mai hankali zai nemi sifirin da ya fi ƙarfi, ko ya tambayi wanda ya sani. Ni kuwa haushi na ji. Na yanke ƙafar babur ɗin na jefar, na samo bututun rijiyar burtsatse mai kauri, na ɗaura masa tayar baro a ƙasa, na kafa kansa a jikin dandamalin jirgin, daidai tsakanin inda matuƙi zai ajiye ƙafafunsa biyu. Zagaye uku na yi masa na walda. Na hau na yi tsalle, ko gezau. Na kira 'yan dako biyu suka hau tare da ni, ko gezau. Ranar da ƙyar rumfar ta ɗauki kaina.

Ana nan sai Alhaji Bukar ya kawo a-kori-kurarsa in gyara masa ƙarfen baya. Dattijo ne ɗan kasuwar wake a Dawanau, iyayensa daga Borno suka zo tun kafin a haife ni, kuma kowa ya san a ƙuruciyarsa ya yi aikin gyaran ƙananan jiragen nan masu feshin tsuntsayen da ke cinye hatsi. Ya zagaya jirgin a hankali, hannayensa a baya, har ya zo gaba. Ya tsuguna duk da ciwon gwiwarsa, ya ƙwanƙwasa bututun da zoben hannunsa.

"Ɗana, ina abin da zai sha duka a nan?"

Na ce, "Alhaji ai babu abin da zai same ta. Wannan ko tirela ta bi ta kanta ba za ta lanƙwasa ba."

Ya ce, "Abin da nake gudu ke nan. Ita ƙafar gaba da gangan ake yin ta da laushi, ta nutse ta dawo. Idan dukan ya fi ƙarfinta ta lanƙwashe ita kaɗai, a cire a sa wata. Taka ba za ta karɓi duka ba, miƙa shi za ta yi ga abin da ke samanta. Mene ne a samanta?"

"Dandamali."

"A kan dandamalin fa?"

Na san amsar sarai, amma sai na yi dariya na ce, "Alhaji zamani ya canza, yanzu ba irin jiragen da kuka sani ba ne." Ya dube ni, ya dafa jirgin ya miƙe, ya ce Allah ya tsare. Yana juya baya na ce wa masu zama a rumfata, mai awon wake ne zai koya mini aikina. Suka yi dariya, na ji daɗi.

Saura wurin gwaji. A garinmu filin ƙwallon firamare ma rabinsa an shuka gyaɗa. Bazara ce, gonaki a bushe, kowa ya jibge takinsa tuli-tuli yana jiran ruwa. Yaya Haruna ya ba ni gonarsa. Ba wai ya yarda jirgin zai yi wani abu ba ne, shi dai tun ina ƙarami idan aka taru a kaina yakan ce, "Ku ƙyale shi mana." Da hannunsa ya kwashe tulin takin ya mayar gefe, ya ɗaura wa shanunsa gungumen ice suka yi ta ja har tsofaffin kunyoyin bara suka baje. Kwana huɗu ya yi yana wannan aikin a cikin zafin nan, mutumin da ke da mata da 'ya'ya biyar da irin shuka a rumbu.

A ƙarshen gonar akwai iyakarsa da Malam Audu maƙwabcinmu, wani ɗan tudu ne da ya ratsa daga gefe zuwa gefe, da saiwar gamba a kansa, tsayinsa bai kai tsakiyar ƙwauri ba. Na je na roƙi Malam Audu a baje shi na kwana ɗaya, in mayar masa da hannuna. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron matarsa.

"Injiniya, ka bi ta gonata da jirgi, ka bi da jirgin ƙasa ma in kana da shi. Amma tudun nan ya girmi ubanku, Allah ya jiƙansa. Kakanka da ubana sai da suka je gaban alƙali a kansa. Fartanya ba za ta taɓa shi ba."

Yaya ma bai goya mini baya ba, domin a wajenmu kana iya cin bashin mutum ka kwana lafiya, amma ba ka taɓa iyaka. Na taka gonar na ƙirga, na ce ba komai, ai gudu ne kawai za a gwada a ƙasa, kafin a kai tudun an tsaya. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ni dai gwajin gudu na ce. Amma magana idan ta fita daga rumfar walda ba ta komawa yadda ta fita. Kafin Asabar ta zo, labari ya kai har ƙauyukan hanyar Kunci cewa Injiniya zai tashi sama, wasu ma sun ce Makka zan nufa. Da hantsi gonar ta cika maƙil. An kawo wa mai unguwa kujera, masu rake da masu ruwan leda sun baje kaya, matasa kowa ya ɗaga waya. Inna ta fito da mayafinta ta tsaya tare da tsofaffin mata a gindin ɗorawa. Alhaji Bukar ma ya zo, sai dai bai shiga taron ba, ya ajiye motarsa a bakin gona ya juya kanta ta kalli titi, ya bar ta babu kaya.

Na sa fararen kayan aiki sababbi da hular kwano ta babur. Har jawabi na yi (Allah ya yafe mini). Na yi bayanin fukafukai, na yi bayanin inji, sannan na zo ga ƙafar gaba na sa takalmi na shure ta da ƙarfi na ce, "Wannan ƙafar, jama'a, ko jirgin ya ƙare ita tana nan." Aka tafa.

Sai lokacin shiga ya yi. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan dandamalin, na leƙa kujerar, na dubi farfelar da za ta yi ta juyawa taku biyu daga fuskata, nan take cikina ya ɗuri ruwa. Ba karin magana nake yi ba, sau biyu ina zagayawa bayan bishiyar kargo. Da na dawo na biyu na fara jin dariya tana tashi daga bayan taron. Wani ya ce, "Direba ya tafi shan mai ne?" Aka kwashe.

Yaya Haruna ya matso kusa da ni ya rage murya. "Mene ne?"

Na ce, "Yaya, lissafi na sake yi. Kamata ya yi in tsaya a waje in ga yadda tayar gaban take tafiya, daga ciki ba a gani."

Ya dube ni. Mutumin da ya goya ni ina yaro, ya san ƙaryata tun kafin in gama ta. Ya juya ya dubi jama'a, ya dubi inda Inna take.

"Gudu ne kawai a ƙasa ko?"

"Wallahi gudu ne kawai."

"To ai na tuƙa tarakta. Kawo hular, kada a mayar da gidanmu abin dariya."

Na cire na miƙa masa, kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce daɗi na ji, wani sanyi ya sauka mini har tafin ƙafa. Inna ta ɗaga murya daga gindin ɗorawa ta ce, "Haruna, damina fa ta ƙarato." Ya ce, "Inna daga nan zuwa can ne." Ya yi bismilla ya shiga, ya ajiye ƙafafunsa hagu da dama, bututuna a tsakiya. Na nuna masa totur, na nuna masa birki, na ce yana hango tudun iyaka ya sassauta ya taka.

Na juya farfelar da hannu sau uku, injin ya kama. Ƙarar ta kori awaki har cikin gari, yashi ya turnuƙe masu rake. Jirgin ya motsa. Ka ji ni da kyau, abin da na haɗa da hannuna ya motsa da kansa, ya fara gudu a gonar yayana. Jama'a suka ɗauki kabbara, daga nan suka koma "Tashi! Tashi! Tashi!" Ni da na kasa shiga saboda tsoro, sai ga ni ina gudu a gefensa ina ɗaga hannu sama ina ihu, "Ƙara wuta! Yaya ƙara wuta!" Ya waiwayo ya gan ni. Ni ne wanda ya yi karatu, ni na ƙera abin, sai ya ƙara.

Na ga tayar gaban ta fara kaɗawa hagu da dama kamar kan ƙadangare. Na ga ya sassauta, na ga tayoyin baya sun daina juyawa suna jan yashi, amma birkin babur ba ya tsayar da wannan nauyin a kan rairayi. Tayar baron ta daki tudun Malam Audu. Ƙarar ba ta yi kama da ta hatsarin mota ba, gajeriya ce, kamar an sauke tabarya a turmin da babu komai. Wutsiyar jirgin ta ɗaga sama, farfelar ta sari ƙasa ta tarwatse, jirgin ya tsaya da hanci a ƙasa, ya ɗan yi jim, sannan ya kwanta ta gefe. Injin ya mutu.

Ni na fara isa. Tunda nake ban taɓa riga kowa zuwa ko'ina da gudu ba sai ranar. To ga abin da na yi, kuma wayoyi sun fi ashirin da suka ɗauka, babu yadda zan gyara labarin. Ban je wajen kujerar ba. Gaban jirgin na nufa, na durƙusa, na share yashi da hannu, na duba inda na yi zagaye ukun nan. Tana nan lafiya ƙalau, ko tsagewa babu. Na miƙe, na juya ga jama'ar da ke tahowa a guje, na ɗaga hannu biyu na ce da iyakar muryata:

"Jama'a ku shaida! Waldata ba ta saki ba!"

Mutanen gaba suka ja suka tsaya. Wurin ya yi tsit, kuma a cikin shirun ne na ji muryar Yaya daga bayana, ƙasa-ƙasa, yana maimaita Innalillahi. Sai a lokacin na waiwaya. Waldar kam ba ta saki ba. Dandamalin ne ya saki. Bututun ya tura ƙarfen da na kafa shi a kai ya yi sama da baya, ya matse ƙwaurin Yaya na dama da gindin kujerar. Wandonsa ya riga ya jiƙe, yashin da ke ƙasa yana shanye jinin.

Ban san lokacin da Inna ta iso ba, tsohuwar da ke hutawa sau biyu kafin ta kai rijiya. Mayafinta ya faɗi a hanya. Ta tsaya a gabana tana haki, ba ta ɗaga murya ba, ta ce:

"Ka gama duba ɗanka? To matsa in duba nawa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ba ta tsage ba, na matsa.

Aka yi ta fama a ciro shi, abu ya gagara. Maza shida suka sa katako suka danna, bututun ko gezau, kamar dai yadda na yi alkawari. Alhaji Bukar ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar Yaya da shi, ya juyo ya ce mini, "Je ka ɗauko zarto." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni na yanke bututun da hannuna, a durƙushe, fuskata kusa da ƙafar yayana, kowane ja na zarto yana jin sa a ƙashi. Haƙoran zarto biyu suka ƙare kafin ƙarfen ya rabu. Duk tsawon lokacin ina tuna irin zaɓen da na yi wa bututun nan a kasuwar 'yan gwangwan, ina ƙin masu sirara. Muka ɗora Yaya a bayan a-kori-kurar, a lokacin na gane dalilin da ya sa dattijon ya juya kanta ga titi.

A asibitin birni likitoci suka ce ƙashin ba karyewa ya yi ba, dagargajewa ya yi, kuma ya daɗe a matse. Dangi suka ce a kai wa mai ɗori, mai ɗorin da aka kira ya duba ya girgiza kai ya ce wannan ba tasa ba ce. Aka yi aiki na farko, aka ce a jira a ga ko jini zai koma yatsun. Kullum da safe ina zuwa in buɗe zanen in dubi yatsun nan biyar kamar mai duba shuka, kullum suna ƙara baƙi. Matarsa Binta tana zaune a bakin gadon, idan na gaishe ta takan amsa, amma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. A kwana na tara warin ya fara fita. A na goma sha ɗaya suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. A makon ne aka yi ruwan shuka a garinmu.

Hoton kuwa ya riga ya zaga duniya. Ba hatsarin mutane suka fi turawa juna ba, ni ne, da farin kaya, hannu biyu a sama. Har yau idan tayar wani ta fashe a garinmu, ko tukunya ta faɗi ta fashe, za ka ji wani ya ce waldata ba ta saki ba. Wanda ya kawo mini gyaran ƙofa sai ya faɗa kafin ya tafi. Na daina jin haushi, domin ban ga da wane bakin zan ji ba. Inna ta yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Na rufe rumfar na kama shanun Yaya. Mutumin da ya ce zai tuƙa jirgi, sai ga shi ya kasa miƙar da garma. Shanun sun san ba mai su ba ne, su yi nan in yi can, kunyoyina suka fito a karkace kamar sawun maciji. Kwana na uku sai ga Malam Audu da nasa shanun, ya shiga ta ɗaya gefen ya fara huɗa. Tudun iyakarsa dama tun washegarin hatsarin ya gyara inda tayar ta ɓantare.

Da aka sallamo Yaya yakan sa a kai shi gindin ɗorawar nan ya zauna da sandarsa yana kallon aikin. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko a gabana ko a bayana. Idan mutane suka fara yakan ce ƙaddara ce, shi ya shiga da ƙafarsa. Wata rana na zo da takarda na tsuguna kusa da shi, na nuna masa zanen ƙafar ƙarfe da nake so in ƙera masa (ka ga dai har lokacin ban warke ba). Ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"A'a Injiniya, bar ni da sandata. Ita idan ta ji nauyi tana ɗan lanƙwasawa."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Akwai tambayar da na daɗe ina riƙe da ita, ina fatan a lokacin ya suma, ko ƙarar ta toshe masa kunne. Ranar dai na kasa haƙuri.

"Yaya, abin da na faɗa ranar nan, ka ji?"

Ya juya ya kalli shanunsa.

"Na ji. Ai ina kwance ban ma ji zafin ba tukuna. Na ji gudun mutum ya taho, na san sawunka ne, na ce alhamdulillahi ga ƙanena nan. Sai na kasa kunne in ji ka kira sunana." Ya gyara zaman dungulmin ƙafar da hannu biyu. "Ba komai. Tashi ka je, rana tana yi, saura layi shida."

Na tashi na kama garma. Na yi layi shidan ina kuka kamar ƙaramin yaro, shanun suna tafiya da ni inda suka ga dama.

Yanzu damina ta huɗu ke nan ina noma gonar, kuma huɗata ta fara miƙewa. Na sake buɗe rumfar da rani, ƙofofi da baro kawai, abin da ba ya barin ƙasa. Idan ka tambaye ni darasin da na koya, zan iya yi maka dogon bayani a kan sifirin da laushin ƙafar gaba, na haddace shi yanzu da ba shi da amfani. Amma na gaskiyar ƙarami ne, kowace tsohuwa a garinmu ta san shi ba tare da ta je kwaleji ba: idan abu ya faɗi da mutum a ciki, sunan mutumin ake fara kira. Ni sai da aka yanke wa yayana ƙafa na koya.